TSOHUWAR ROBA DA LEDA: YADDA ZA MU TARA SU DAGA GIDAJENMU

Darasin wannan wata domin Zumuntar Mata, da matasa, da masu gida

'Yan'uwa, a daminar bara wata gwauruwa cikin ekklesiyarmu ta yi hasarar tunkiyarta. Tunkiya ce mai ciki, matar kuwa ta sa zuciya a kanta domin kuɗin makarantar ɗanta. Dabbar ta yi ta ramewa, ba ta cin dusa, ba ta tuƙa, cikinta kuwa a kumbure. Aka ba ta jiƙo, aka kira malamin dabbobi ya yi mata allura, duk a banza. Da aka ga za ta mutu sai aka yanka. Sa'ad da mahauci ya farke tumbin, sai ga leda a dunƙule kamar gammo, baƙa da fara, har da zaren buhu. Ni da idona na gani. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Fasto, ai wannan kullum muna ganinta a mayanka."

Da na koma, na tsaya a ƙofar majami'a na duba filinmu. Ran Asabar an ɗaura aure a wurin. Ledar ruwa ta rufe ƙasa, iska tana kwasarta tana kai wa bayan gidajen mutane, inda awaki da tumaki su ke kiwo. Ba ni iya cewa ledarmu ce ta kashe tunkiyar nan. Ba ni kuwa iya cewa ba ita ba ce. Dalili ke nan da ya sa na shiga tambayar masu sana'ar bola, abin da na koya kuwa shi ne na kawo muku.

JUJIN DA DA NA YANZU

A zamanin iyayenmu juji dukiya ne. Manoman da ke kewaye da birnin Kano su kan shigo da jakuna da rani, su cika mangala da shara da toka da kashin dabbobi, su kai gona. Dukan abin da ke cikin jujin nan mai ruɓewa ne: fasasshiyar ƙwarya, ganyen da aka ƙunshe daddawa, tsumma, tsohon faifai. Abin da ba ya ruɓewa ma ba a bar shi ba. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga. Watau tara tsohon abu domin a mai da shi sabo ba baƙon ilimi ba ne gare mu.

Roba ce baƙuwa. Daga man fetur da iskar gas a ke yin yawancinta. Wani mutum mai suna Leo Baekeland ya yi irinta ta fari a Amurka a 1907. Irin da a ke yin leda da ita an gano ta a Ingila a 1933. Gorar ruwa da ta lemo irin wadda mu ke gani yau ba ta fito ba sai a 1973. Ruwan leda kuwa ya bazu a Nijeriya cikin shekarun 1990, da yawa cikinmu mun tuna lokacin da babu shi. A 1950 robar da duniya duka ta yi wajen tan miliyan 2 ce. A 2015 ta kai wajen tan miliyan 380 cikin shekara guda. Waɗansu masana a Amurka sun buga lissafi a 2017, suka ce cikin dukan robar da aka zubar har zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sāke sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna nan kwance a juji, ko gona, ko rafi, ko teku.

Gara ba ta cin roba, ƙasa kuwa ba ta ruɓar da ita. Rana ta kan sa ta bushe ta farfashe, amma gutsattsarin suna nan, ba su zama taki. Saboda haka manomin da ya kai jujin yanzu gonarsa, leda ya kai. Garma tana tono ta, saiwar dawa tana cin karo da ita.

Idan mun jefa ta a lambatu, sai ta toshe shi, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, da ruwan sama mai ƙarfi kuma ya shiga ɗakin maƙwabci na gangare. A ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta cika birnin Ankara na ƙasar Gana. Mutane suka fake a wani gidan mai, man ya malala bisa ruwan, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka mutu. Cikin abubuwan da aka ambata sun jawo ambaliyar har da magudanan da shara ta toshe. Ƙasar Bangaladash ta hana ledar cefane tun 2002 saboda irin wannan toshewa.

Idan kuwa mun ce mu ƙone ta, mun mai da ita hayaƙi ne kawai, hayaƙin kuwa guba ne. Ina roƙon iyayenmu mata musamman a kan wannan. Na sani icen damina ba ya kamawa da sauri, leda kuwa tana hura wuta nan da nan. Amma wadda ta sunkuya tana hurawa, da goyon da ke bayanta, su ne su ke shaƙar abin. A nemi ƙirare ko tsumma, a bar leda.

ROBA BA IRI ƊAYA BA CE

Nan ne gindin darasin, sai mu natsu. Mu a wurinmu duka "roba" ce. A wurin mai narkarwa kuwa sun bambanta kamar yadda gero ya bambanta da shinkafa. Kowace mai dafa abinci ta sani idan ta zuba wake da taliya cikin tukunya a lokaci ɗaya, taliya za ta narke wake bai nuna ba. Haka roba ta ke. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Leda da jarka suna narkewa tsakanin digiri 110 da 130. Robar kujera sai wajen 160. Gorar ruwa kuwa sai zafi ya kai wajen 250. Idan an gama su a inji ɗaya, wata ta ƙone, wata ba ta narke ba, abin da ya fito kuwa ba ya da ƙarfi, da an matsa shi sai ya tsage. Shi ya sa mai saye ya kan raina gaurayen kaya, ko ya ƙi su sam.

Tun 1988 masu yin roba a Amurka suka fito da lambobi daga 1 zuwa 7, yanzu kuwa ana amfani da su a ƙasashe da yawa. Ku juya gora ko bokiti ku duba gindinsa, sau da yawa za ku ga ƙaramar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki.

Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, mai haske kamar kwalba, wadda ta kan yi ƙara idan an matse ta. Ana daddatsa ta, a wanke, a yi zaren tufafi da ita, ko abin cusa matashin kai, ko sabuwar gora. Fara tas ta fi mai launi daraja, gama fara tana karɓar kowane rini.

Lamba 2 ita ce jarka, da galan, da robar man shafawa, da waɗansu bokitai. Lamba 5 kuwa kujerar roba ce, da baho, da yawancin kwanonin roba, da buhun taki da na shinkafa. Waɗannan biyu su ne masu sana'ar su ke kira roba mai ƙarfi, su ne kuma su ke da nauyi a sikeli. Fasasshiyar kujera guda ta fi buhu cike da gora kawo kuɗi. Da su a ke yin buta, da bokiti, da baho.

Lamba 4 leda ce mai taushi, yawancin ledar ruwa daga cikinta ta ke. Idan tana da tsabta a bushe, ana narkar da ita a yi baƙar leda ko tiyo.

Lamba 3 sai a yi hankali da ita. Ita ce bututun famfo, da rigar wayar lantarki, da takalman roba da yawa. Tana da masu sayenta dabam, musamman masu yin takalma a Kano, waɗanda su kan sayi tsofaffin takalma su narkar su yi sababbi. Amma ɗan guntunta kaɗan cikin buhun gora ya isa ya ɓata narkin duka. Hayaƙinta kuma ya fi na sauran mugunta. Yaran da su ke ƙone waya domin su ciro jan ƙarfe, wannan hayaƙi su ke sha.

Lamba 6 ita ce farar robar nan mara nauyi da a ke zuba shinkafa a wurin biki, da ƙananan cokula. Lamba 7 kuwa tarkace ne, kamar ledar biskit da ta madarar gari, masu ƙyalli a ciki, waɗanda aka manna roba iri biyu ko uku da ƙarfe mai laushi wuri ɗaya. Waɗannan da wuya ka sami mai saye. Za mu komo kansu.

To, idan babu lamba fa? Kayan da a ke yi a nan gida da yawa ba su da ita. Ga gwajin da wani dattijo mai sayen roba ya koya mini. Yanko ɗan guntu ka jefa cikin kwanon ruwa, ka danna shi da yatsa, ka saki. Lamba 2 da 4 da 5 su kan taso. Lamba 1 da 3 su kan nutse. Gwajin ba ya rasa kuskure, amma ya isa aikin gida. Da shi za ku gane marfin gora dabam ya ke da jikinta: marfi ya kan taso, jiki ya nutse. Saboda haka a cire marfi a tara shi wuri guda.

KUSKUREN DA MUKA YI

Da fari na yi sanarwa a sujada cewa kowa ya kawo tsohuwar robar gidansa. Jama'a suka ji, suka kawo da zuciya ɗaya. Cikin mako uku bayan majami'a ya zama juji. Akwai gora da sauran kunu a ciki, akwai leda mai miya, akwai takalmi, har da abin da bai kamata a ambata ba. Ruwan sama ya sauka a kai. Ƙudaje suka zo, ɓeraye suka biyo. Maƙwabcinmu, wanda mu ke zaman lafiya da shi shekara da shekaru, ya aiko ɗansa da ladabi ya ce wari yana shiga gidansa. Da muka kira mai saye, ya tona tsibin da ƙafa, ya ce sai dai mu biya shi ya kwashe. Laifina ne, gama na ce a kawo, ban ce yadda za a kawo ba.

Abin da muka koya shi ne, rarrabewa a gida a ke yinta, a hannun wanda ya yi amfani da abin, tun bai haɗu da ƙazanta ba. Da zarar gora ta shiga kwandon shara tare da tuwon jiya, rabin darajarta ya tafi, mai tsince ta kuma sai ya sa hannunsa cikin ruɓa.

Ga yadda mu ke yi yanzu. Kowane gida yana rataye buhu uku a inuwa, inda ruwa ba ya taɓawa, akuya kuma ba ta kaiwa. Na ɗaya domin gora, na biyu domin roba mai ƙarfi, na uku domin ledar ruwa. Kafin a jefa gora sai a zubar da abin da ke ciki, a ɗauraye da ragowar ruwan wanke-wanke, a cire marfi, a taka ta ta lotse domin buhu ya ci da yawa. Ledar ruwa a yage ta, a zazzage, a shanya. Wannan aiki yara suna iyawa, suna kuwa jin daɗinsa, musamman takawar.

Asabar ta ƙarshen wata matasa biyu su kan zaga da baro da sikelin rataye. A auna a gaban mai gida, a rubuta a littafi. Ranar nan mai saye ya kan zo, kaya ba su kwana a filin majami'a. Kada ku fara tarawa sai kun sami mai saye tukuna, kun tambaye shi irin da ya ke so da irin da ba ya so, gama abin da a ke saye a Jos ko Kaduna ba lalle a saye shi a ƙauyenku ba. Kuɗin mota ya kan cinye ribar kaya marasa nauyi. Ekklesiyoyin karkara sai su haɗa kai, uku ko huɗu, su cika mota ɗaya.

Akwai abin da ba a sa shi cikin buhunan nan ko kaɗan. Sirinji da allura da ledar ƙarin ruwa, a mai da su asibiti. Robar maganin feshi na gona kuwa, a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda gindinta domin kada kowa ya sāke zuba wani abu a ciki, a ajiye ta dabam nesa da yara. Na taɓa ganin man gyaɗa cikin irin wannan roba a kasuwa. Wanki ba ya fid da gubar nan duka.

Batun kuɗi kuwa, bari in faɗi gaskiya domin kada wani ya ji an ruɗe shi. Gorar ruwa ƙarama sai ka tara wajen arba'in zuwa sittin kafin ta yi kilo ɗaya, ledar ruwa kuwa sai ɗaruruwa. Cinikinmu na wata na fari bai kai kuɗin buhun siminti ba. Wanda ya shiga aikin nan domin ya yi arziki zai bari kafin wata uku. Amma ƙaramin kuɗi ma yana raba zumunci idan ba a yi shi a fili ba. Mu mun shirya tun fari: wanda ya ke son kuɗin kilonsa a ba shi a hannu, ba gori, wanda ya bar nasa, ya shiga asusun gwauraye. Mutum biyu su ke riƙe da littafi, a kan karanta shi a gaban jama'a.

Har wa yau akwai jarabar sikeli. Waɗansu su kan jiƙa leda, ko su bar yashi cikin gora domin ta yi nauyi. Masu saye sun san wannan, shi ya sa su kan rage wa kowa, mai gaskiya da mara gaskiya. Littafin Misalai sura 11 ya fara da maganar ma'aunin algus, ku karanta a gida. Mai sayenmu ya yi wata huɗu yana zazzage buhunanmu ɗaya ɗaya. Yanzu ya kan rataya su a sikeli ba ya kwancewa.

MASU SANA'AR BOLA

Ba mu ne muka fara aikin nan ba. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola sun daɗe suna yinsa, da buhu a kafaɗa ko kura a gaba. Su su ke kai wa mai sikeli na unguwa, shi ya kai wa dila, dila ya kai wa mai injin daddatsawa. Daga nan a wanke, a shanya, a narkar, ta fito dogo dogo kamar taliya, a yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a sayar wa masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Baƙar butar da ke bayan gidanka, mai yiwuwa dā jarkar wani ce. Kowane narki yana rage ƙarfin roba, ba a kuwa san abin da ta taɓa ɗauka ba, saboda haka irin wannan baƙar roba ta wanki ce da ban ruwa, kada a zuba mata abinci mai zafi.

A Legas wata mace mai suna Bilikiss Adebiyi-Abiola da abokan aikinta sun kafa Wecyclers a 2012. Suka fara da kekuna masu akwati, suna bi gida gida a unguwannin talakawa inda motar shara ba ta iya shiga. A auna kayan gida, a aika wa mai gida saƙo ta waya da yawan makin da ya samu, in makin ya taru ya karɓi kayan amfani ko kuɗi. Abin da na ɗauka daga wurinsu abu ne mai sauƙi: mutane za su rarrabe shararsu idan sun san ranar da za a zo, sun ga awo da idonsu, sun kuma sami wani abu a hannu.

Na sani ana kuka da waɗansu 'yan jari-bola saboda sata. Gaskiya ne akwai ɓata-gari cikinsu, an rasa tukwane da ƙofofin ƙarfe. Amma yawancinsu masu neman abinci ne da guminsu, suna kwashe abin da mu muka zubar. Shawarata ita ce unguwa ta san mutum ɗaya ko biyu da suna da wurin zama, a yi ciniki da su a ƙofar gida a ranar da aka sani. Idan ekklesiya ta shiga aikin nan, kada ta ƙwace abincin bakinsu. Ta sayar musu, ko ta ɗauke su aiki. Yaron da ya kamata yana aji kuwa, kada mu mai da shi ɗan bola domin muna tara kuɗin asusu. Yaranmu su yi a gida, bisa kaya masu tsabta. Juji akwai fasasshiyar kwalba da allura, ba wurin yaro ba ne.

WADDA BA TA DA MAI SAYE

Saura baƙar ledar cefane, da farar robar biki, da leda mai ƙyalli. Su ne suka fi yawa a titi, su ne kuma ba su da kasuwa, gama ba su da nauyi, ga datti, wankinsu ya fi su tsada. Irin wannan ce ta cika tumbin tunkiyar nan. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi doka a kanta a 2014, ko da shi ke wanda ya shiga kasuwa zai ga doka dabam, aiki dabam. Jihar Legas ta hana farar robar abinci a Janairu 2024.

Mu ba mu da ikon kafa doka, amma muna da ikon ƙin karɓa. Uwargida ta tafi kasuwa da kwando ko jaka, ta tafi wurin niƙa da kwanonta. Mai sayen ƙosai ya miƙa kwano. A taron ekklesiya mu ne masu sayen ruwa da abinci, mu ne za mu ce a kawo faranti da randa mai marfi da famfo, ko kuwa in an raba ruwan leda, a kafa buhu a kowace ƙofa, a sa yara biyu su tsaya kusa. Cikin Yohanna sura 6, bayan an ciyar da mutum dubu biyar, an umarci almajirai su tattara ragowar, ta cika kwando goma sha biyu. Gurasa a ke magana a wurin, ba na so in ja ayar ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Amma na lura taron bai watse ya bar wa masu wurin aiki ba. Ledar da ta rage duk da haka, a cusa ta cikin buhu a ɗaure baki, a kai inda hukuma ta keɓe domin shara.

AIKIN WANNAN WATA

A taronku mai zuwa kowa ya zo da tsohuwar roba iri uku daga gidansa. Shugaba ya kawo kwanon ruwa da almakashi. Ku nemi lambobin, ku yi gwajin ruwa, ku kasa su kashi kashi a ƙasa har kowa ya iya da kansa, tsofaffin da ba su karatu ma su gwada da hannunsu. Sa'an nan ku zaɓi mutum biyu su tafi wurin mai sikeli mafi kusa da ku, su tambayo irin da ya ke saye, da farashin kilo na kowane iri, da ranar da zai iya zuwa. Ekklesiyar da ta gwada, ta rubuto wa Edita yadda ta kasance, har da abin da bai yi kyau ba.